Cibiyar Jikar Inna Tasalla

Tun cikin Nuriyya na wata biyar Inna Tasalla ta fara tara itacen wanka. Duk wanda ya san Sabon Birni ya san itace ya yi wuya tun da daji ya daina shiguwa saboda 'yan bindiga, amma wannan mata sai da ta cika bayan ɗakinta da kirare da guma-gumai har kaji suka rasa wurin fakewa. Ta aika garinsu Gangara aka ɗauko mata tukunyar ƙarfen da uwarta ta yi mata wankan jego da ita. Ta kira magini ya yaɓe gadon ƙasa, ya buɗe masa bakin wuta. Mijinta Malam Lawwali ya tsaya yana kallo ya ce, "Wai mutum ɗaya za shi haihuwa ko unguwa duka?" Ko kallonsa ba ta yi ba.

Ku da ba ku san dalili ba za ku ce zumuɗin jika ne. Ba jikar ba ce kawai, ɗiyar ce. Nuriyya ita ce 'yar farin Tasalla, kuma Tasalla irin matan nan ne da suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Tun da ta haife ta ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai "yarinyar nan". Ba ta taɓa yi mata wasa a gaban mutane ba, ba ta taɓa zama da ita hira ba. Ana yaye ta aka kai ta Gangara wurin kakarta, sai da ta gama makarantar gaba da firamare ta dawo, kafin a ce me an aurar da ita ga Hussaini, ɗan mutanen garin Isa mai sayar da kayan asibiti a Abuja. Shekara ashirin da uku Tasalla na son yarinyar nan a ɓoye. Kwana arba'in na wankan jego su ne kaɗai lokacin da al'ada ta yarda uwa ta taɓa jikin 'yar farinta, ta gasa ta, ta ba ta abinci, ta kwana ɗaki ɗaya da ita, babu mai cewa ta yi rashin kunya. Waɗannan kwanakin take jira, kuma ba ta da niyyar ba kowa ko rabin yini daga cikinsu.

Akwai kuma abin da take ɓoyewa. Shekara uku ke nan da jininta ya ɗauke, ya bar mata wata masifa a madadinsa. Tana zaune lafiya lau sai ta ji zafi ya taso daga ƙirji ya haye wuya ya mamaye kai, zufa ta keto har zane ya manne mata a baya. Barci ya zama na gutsure-gutsure, gwiwoyi na ciwo, zuciya na saurin hawa, har akuya ta sha zagi ba ta yi komai ba. Ta sha sabara, ta sha jiƙon tsamiya, ta sha rubutu. A gidan nan babu wanda ya san halin da take ciki sai randar ruwa da mahucinta na kaba.

Ashe rabon nata ma ba cikakke ba ne. Ciki na wata takwas likita ya ce jinin Nuriyya ya hau, ba za ta yi doguwar tafiya ba, a Abuja za ta haihu. Uwar Hussaini, Hajiya Lailatu, wadda duk Isa ke kira Uwar Biyu saboda tagwayen da ta haifa, ita aka kai Sakkwato aka sa a jirgi. Tasalla kuwa waya aka yi mata aka ce ta yi haƙuri, hanya ba kyau, ta taya su da addu'a. Hanyar da Uwar Biyu ta bi fa! Aka haihu mace, aka yi suna can, aka sa wa jaririya Radiyya. Sai ranar kwana goma sha biyu mota ta tsaya ƙofar gidan Malam Lawwali da hantsi, aka sauke mai jego. Tasalla ta ce a ranta, to, ashirin da takwas ma Allah ya sa albarka.

Ta karɓi jaririyar, ta buɗe ta, ta duba cibiya ta ga ta faɗi ta warke. Tun cikin na wata bakwai ta tona rami a gindin lallen bayan ɗaki, inda mabiyiyar 'ya'yanta shida ke binne, ta rufe shi da fasasshen kasko tana jira. Ba ta iya tambayar ɗiyarta kai tsaye, sai ta dubi jaririyar ta ce, "Ke, 'yar birni, ina kika baro abokiyar tahiyarki?"

Nuriyya ta gane. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Inna, asibiti sunka riƙe. Can ba a ba mutum."

"To," in ji Tasalla. Da la'asar ta je ta mai da ƙasa cikin ramin.

Aka shiga wanka. Kai, jama'a, ku dubi wannan hali: tsakiyar bazara, matar da jikinta ke cin wuta da kansa, ita ce ke durƙusawa gaban murhu safe da yamma tana tafasa tukunya. Ta tsoma ganyen darbejiya cikin tafasasshen ruwa ta watsa wa Nuriyya a baya, tururi ya turnuƙe bayan gida, ita kanta jiri na ɗibarta. Ta dama kunun kanwa, ta gasa nama ta barbaɗe da yaji, ta hura wuta ƙarƙashin gado. Wani lokaci sai ta zagaya bayan rumbu ta juye wa kanta buta guda, ta dawo kamar ba ita ba. Amma wallahi ba ta taɓa jin daɗi irin na kwanakin nan ba. Ta gano akwai ɗan tabo a kafaɗar Nuriyya da ba ta san da shi ba. Ta gano yarinyar ba ta son tsamiya ta yi yawa a kunu. Rannan tana danna mata baya da ganye Nuriyya ta ce, "Wayyo Inna, a hankali," ta kama hannunta ta riƙe. Tasalla ta yini tana jin wurin da aka riƙe.

Ranar kwana ashirin da ɗaya Uwar Biyu ta zo daga Isa ganin jika.

Rabon Tasalla da ita tun bikin yaran, shekara biyu da suka wuce. A ranar nan su biyu suka ɓuya a ɗakin baya, kowace da mahuci, Lailatu ta cire ɗankwali ta ce, "Innar amarya, ni dai jinina ya tahi ya bar ni da wuta, ko ke ma?" Tasalla murmushi kawai ta yi, amma ta ji sanyi a ranta. Ga mace mai gidan siminti da ɗa a Abuja, tana jiƙewa da zufa daidai da ita. Tun daga ranar, duk sanda zafin ya taso mata, sai ta tuna ai can Isa ma akwai mai shan irinsa.

To yau wa ta gani? Mace ta fito daga mota cikin leshi mai nauyi, ga ɗauri ya kai wani wuri, ga mayafi a kai, rana tsaka, fuskar nan a bushe ƙayau. Hodar da ta shafa tun Isa tana nan inda ta sa ta. Ta shigo da sallama tana dariya, ta zarce ɗakin mai jego tana cewa, "Ina ɗiyata? Ina Nuri tawa?" Nuriyya ta miƙe da sauri ta rungume ta. Ta gyara mata ɗaurin da ya karkace, suna ta ƙyalƙyala dariya a kan wata nas mai faɗa da suka baro a Abuja. Tasalla na tsaye bakin ƙofa da kwanon kunu a hannu, babu wanda ya ce mata shigo.

Da suka zauna, Lailatu ta karɓi kunun kanwa da zafinsa ta shanye, ta ɗauki naman jego ta dangwali yaji. Tasalla ta kasa haƙuri ta ce, "Uwar Biyu, lalle Abuja ta karɓe ki."

"Ba Abuja ba ce, allura ce," in ji Lailatu, ta matso. Ita dama ba ta iya riƙe magana. "Kin san wutar nan da nic ce miki? Hussaini yaj ji labarin wani asibiti da suka iya wani aiki. Wai cikin igiyar cibiyar jariri akwai wasu ƙwayoyi masu rai da ido ba ya gani, ƙwayoyin asali suka ce musu, da su jiki ke gina kansa. In an haihu sai su ɗebe su, su raine su kwana da kwanaki, sannan su sa ma mutum a jijiya awa ƙarin ruwa. Likitan yac ce shi bai yi mini alkawari ba, abu ne da ana kan gwada shi, har takarda nis sa ma hannu. Amma ke dai duba ni! Kwana biyar ke nan ina barci har a tashe ni salla."

Tasalla ta ce, "Cibiyar wane jariri?"

"Ta wa kuwa? Ta kishiyata mana, Radiyya." Ta lakaci kumatun jaririyar. "Kuma ɗiyar ga taki, Allah shi yi mata albarka, ita tac ce a yi. Tun tana da ciki nike hwaɗa mata wahalar da nike sha, har kuka ta yi mini. Da Hussaini yak kawo maganar, tac ce, in dai za shi yi ma Hajiya amfani, a ɗauka duka."

Nuriyya ta yi murmushi tana wasa da yatsun 'yarta.

Daidai lokacin zafin ya taso wa Tasalla, ya haye wuya, ya cika kunnuwa. Ta ce bari ta duba wuta, ta fita. A bayan rumbu ta tsaya zufa na ɗiga daga haɓarta. Hassada ce ta kama ta, ba wani abu ba, kuma ta san sunanta. Cibiyar nan a cikin wa ta tsiro? A cikin ɗiyarta. Ɗiyar kuma wa ya yi naƙudarta kwana biyu a Gangara har aka fid da rai? Ita. Ramin da ta tona ya tashi a banza, an ce mata asibiti sun riƙe, ashe a jijiyar matar Isa aka binne. Ga maganin ciwonta ya fito daga jininta, ya wuce ta gaban ƙofarta, ya shiga jikin wata. Abin da ya fi ci mata rai ma ba allurar ba ce. Wai har kuka ta yi mata. Yarinyar nan ta yi kuka saboda zufar uwar miji, ita kuwa da ke tafasa mata ruwa sau biyu a yini ko sau ɗaya ba ta lura zanenta a jiƙe yake ba.

Kafin Lailatu ta tafi ta zagaya maƙwabta gaisuwa, kamar yadda baƙuwar kirki ke yi. Ta shiga gidan Rukayya mai ƙuli-ƙuli, katanga ɗaya da su Tasalla, ta ɗauki jikar Rukayya 'yar shekara biyu ta yi mata wasa, ta ba ta alewa.

Washegari Tasalla ta shiga gidan Rukayyar karɓar man gyaɗa. Mata huɗu na zaune ana murza tunkuza, zancen kuwa bai wuce baƙuwar jiya ba. Wata ta ce ita da farko ta zaci yayar Hussaini ce. Wata ta ce ai hutu ne, mai hutu ba ya tsufa.

"Hutu?" in ji Tasalla. "Ku dai ku ce ba ku sani ba."

Kada wani ya ce ba ta san abin da take yi ba. Ta sani sarai. Ta ga hannuwa sun tsaya a cikin tunkuza, kuma ta ji daɗin tsayawar.

"Cibiyar jikarta anka sa mata cikin jini. Da bakinta ta hwaɗa mini. Ni ina nan na tona rami ina jiran mabiyiya, ashe ta riga ni."

Rukayya ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Cibiyar jinjiri? Ta ci?"

"Ni ban ce ta ci ba. Amma kun ga yadda tat tahi, kun ga yadda tad dawo. Ni dai tun da uwata ta haihe ni ban taɓa jin tsohuwa ta koma yarinya da naman jikarta ba, sai wagga."

Babu wadda ta furta kalmar a wurin. Ba a buƙatar furta ta. Tasalla ta ɗauki kwalbar manta ta fito, ranta wasai, har ta yi wa kaji magana mai daɗi.

Daɗin bai kai kwana uku ba. Masu shigowa barka suka ɗauke ƙafa. 'Yan matan da ke rububin ɗaukar Radiyya aka hana su leƙowa. Ranar kasuwa Malam Lawwali ya dawo da wuri fuska a murtuke, ya ce wani mahauci ya tambaye shi wai da gaske ne surukarsa mayya ce, ta fara da cibiya kafin ta kai ga kurwa? Ya ce in ya gano wanda ya ƙago wannan zance sai sun je gaban hakimi. Tasalla ta duƙufa kan murhu tana hura wutar da ke ci da kanta.

A nan ne lissafin da ba ta yi ba ya fito. Mutanenmu sun ɗauka maita a nono ake shanta. In Lailatu mayya ce, to Hussaini ya sha. In Hussaini ya sha, 'yarsa ta zama abin da suke kira nauru, mai ganin cikin mutum ko da ba ta ci. Tasalla ta nufi Isa da jifanta, sai ga shi ya faɗo cikin ɗakinta, kan gadon da ta sa aka yaɓe. Da kunnenta ta ji wata mai tallan fura ta leƙo zaure, ta hango Nuriyya na shan iska da jaririya a cinya, ta ja da baya tana cewa, "Kurwata kur!" Nuriyya ta ɗago ta ce, "Inna, da wa take?" Tasalla ta ce mahaukaciya ce, a rabu da ita.

Ta koma gidan Rukayya ta ce ita fa wasa take yi, allura ce irin ta asibiti, har da takarda. Rukayya ta dube ta da tausayi ta ce, "Allah sarki, Inna Tasalla. Kina rufa ma ɗiyarki asiri, mun gane. Ni dai na ga yadda jinjirar nan ke ƙura ma mutum ido." Duk gidan da ta shiga gyara, sai ta fito ta bar zancen ya ƙara ƙarfi.

Ranar kwana talatin Uwar Biyu ta sake zuwa, da buhun gero da ƙafar sa na mai jego. Ba ta san komai ba, don zancen bai riga ya haye zuwa Isa ba. Suna tsakar gida ƙarƙashin rumfa, ita da Nuriyya da Tasalla, ko ruwa ba ta gama sha ba sai ga Rukayya ta faɗo babu sallama, jikarta a kafaɗa, mata biyar a bayanta. Yarinyar kwana biyu ke nan tana zazzaɓi, idanu sun kakkafe. Rukayya ta shimfiɗe ta a ƙasa gaban Lailatu, ta durƙusa tana kuka.

"Hajiya, don Allah don Annabi ki tsallaka ta. Ba mu son tashin hankali, ba mu kiran kowa. Ki tsallaka ta sau uku ki sake mata kurwa, ki tahi abinki."

Lailatu ta dubi yarinyar, ta dubi matan. "In tsallaka ta? Ni? Mi kuke nuhi?"

"Ke kika ɗauke ta ranar nan, kika ba ta alewa. Wadda ta ci cibiyar jikarta, ta wani za ta bari?"

Nuriyya ta miƙe tsaye, jaririya a ƙirji. "Wane la'ananne yac ce ta ci cibiya?"

Rukayya ta share hawaye da gefen zane ta ce, "Ke ɗiyar nan, kada ki zagi uwarki. Inna Tasalla ce ta hwaɗa muna da bakinta, gidana, gaban mutum huɗu."

Tasalla ta so ƙasa ta tsage. Ba ta iya duban ɗiyarta ba, sai ta dubi Lailatu. Wani duhu ya taso daga wuyan leshin ya haye fuskar, zufa ta keto daga ƙarƙashin ɗauri, ta wanke hodar, ta gangaro har haɓa. Tasalla ta san wannan zufar, ba ta tsoro ba ce. Lailatu ta fizge mayafi tana fifita da shi, ta ce da murya ƙasa-ƙasa, "Kwana huɗu ke nan da ya dawo mini. Na yi ma likitan waya yac ce dama bai yi alkawari ba. Ga abin da kika yi ma baƙin ciki, Innar Nuriyya. Ga shi nan, duba."

Sannan ta juya ga Rukayya, ta daure ta ce ita ba ta tsallaka ɗiyar kowa, don ba ta riƙe kurwar kowa ba, amma ga mota a waje, a ɗauki yarinyar nan yanzu a kai ta asibiti kafin a yi asarar rai a kan shirme. Matan suka tsaya suna duban juna.

Tasalla ce ta sunkuya ta ɗauki yarinyar daga ƙasa, ta ɗora wa Rukayya a kafaɗa. Ta dubi matan ta ce, "Ku ji da kyau, ku kai inda kunka kai na farko. Ƙarya nike yi. Hassada ce tas sa ni. Ciwon da ke gare ta shi ke gare ni, shekara uku. Na ga an yi mata magani ba a yi mini ba, shi ne nij jehe ta. Ba mayya ba ce. Ku kai ɗiyar ga asibiti."

Suka fita da yarinyar, direba ya kai su. Amma a zaure Tasalla ta ji wata na ce wa 'yar'uwarta, "Kin gani ko? Har ita ta kama mata baki."

Kafin motar ta dawo Nuriyya ta gama haɗa kaya. Lailatu ba ta ce a tafi ba, ba ta ce a zauna ba, ta koma zaure ta zauna ita kaɗai, ta ƙi shan ruwan gidan. Tasalla ta tsaya bakin ƙofar ɗaki tana kallon ana ninke 'yan rigunan Radiyya ɗaya bayan ɗaya. Sau biyu tana buɗe baki tana rufewa. A na uku ta ce wa bango, "Saura kwana goma. Ba a yanke wanka."

"Za ni ƙarasa shi Isa," in ji Nuriyya, ba ta juyo ba. "Ba ni barin ɗiyata unguwar da ake tohe ta da yawu. Ko shekara ashirin ta yi, in ta zo garin ga, sai an nuna ta da baki. Kin san haka, Inna. Kin hi ni sani."

Ta zuge jaka, ta goya jaririyar, ta ɗaure majanyi. Sai a lokacin ta juyo ta dubi uwarta, ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta dubi zanen da ya manne a jiki, ta dubi wuyan da ke sheƙi. Idanunta suka cika.

"Shekara uku? Da wanga ciwo kike tsayawa gaban wuta kina dafa mini ruwa?"

Tasalla ta goge wuyanta da gefen zane. Nuriyya ta ci gaba.

"Da anka kawo maganar allurar nan sai da nit tambayi Baba ko lahiyarki lau, yac ce ƙalau kike, hwaɗa dai ya ƙaru. Wallahi da na sani, da ke za ni hwara cewa a ba, ko ta yi aiki ko ba ta yi ba. Mi ya hana ki hwaɗa mini?"

"Ke ce ta fari," in ji Tasalla. Iyakar abin da ta samu ke nan.

Nuriyya ta gyaɗa kai a hankali, hawaye na zuba. "Ni kin ji kunyar hwaɗa mini ciwonki, Inna. Amma ba ki ji kunyar hwaɗa ma unguwa ɗiyata jinin mayu ce ba."

Aka yi hon a waje. Direba ya leƙo ya ce an ba yarinyar Rukayya gado, an sa mata ruwa, su kuma su hanzarta don hanyar Isa ba a bin ta bayan la'asar. Nuriyya ta ɗauki jakarta ta ratsa ta gefen uwarta. Tasalla ta miƙa hannu ta taɓa ƙafar jaririyar da ta leƙo daga goyo, ta bi su har zaure, daga nan ba ta ƙara taku ba, don matan unguwa na tsaye a ƙofofinsu suna kallo. Uwar Biyu ce ta riƙe wa Nuriyya ƙofar mota, ta sa hannu ta kare kan Radiyya kada ya bugu, sannan ta shiga ta zauna kusa da su.